Soda, Injin Ruwa ko Samfefa: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Cire Tsohon Rini Daga Dandamalin Katako?

Gidaje da yawa a Amurka da Kanada, da wasu a Ingila, suna da dandamalin katako a bayan gida, wanda mutanen can ke kira dek. Nan ake shan iska da yamma, nan ake gasa nama idan zafi ya shigo. Katakon kuwa a waje yake dare da rana: rana ta doke shi, ruwan sama ya jiƙa shi, ƙanƙara ta yi watanni kwance a kansa. Shi ya sa ake shafa masa rinin katako, wanda za ka gani a shago da sunan siten, don ya ba shi launi ya kuma hana ruwa shiga. Bayan 'yan shekaru sai rinin ya gaji. Wani ya koɗe, wani ya yi dabbare-dabbare, wani kuma ya riƙa ɓarewa yana bin tafin ƙafar yara zuwa cikin falo.

Daga nan shawarwari ke yin yawa. Maƙwabci ya ce ka ɗauko injin ruwa ka gama cikin awa biyu. Mai shago ya miƙo maka galan na sinadari. Kafinta ya ce duk ɓata lokaci ne, samfefa kawai. Kowannensu yana magana ne a kan dandamalin da ya taɓa yi, ba naka ba. Abin da ke zaɓar maka hanya shi ne irin rinin da ke kan katakon yanzu, da shekarun katakon kansa.

Tambayoyi uku kafin ka sayi komai

Ta farko, wane irin rini ne a kai? Gida biyu ne. Akwai mai shiga jikin katako, yawanci na mai, wanda kana iya ganin zanen itacen ta cikinsa. Wannan ba ya ɓarewa, koɗewa yake yi sannu a hankali. Akwai kuma mai kwanciya a sama ya yi fata kamar fenti, yawanci na akirilik, wanda ke rufe zanen katakon gaba ɗaya. Shi ne mai tsagewa da ɓarewa, kuma shi ne mai taurin kai wajen fita. Idan ido bai raba maka gardama ba, jiƙa tsumma da sifirit ka goga a wani lungu na ɗan lokaci. In launin ya yi laushi ya biyo tsumman, akirilik ne. In bai motsa ba, na mai ne. Ka kuma kankare da bakin wuƙa ka ga hawa nawa ne, don wasu masu gida duk shekara biyu suke ƙara wani a kan wani ba tare da sun cire na ƙasa ba.

Ta biyu, yaushe aka gina dandamalin? Wannan ba tambayar wasa ba ce. Shekaru da yawa ana jiƙa katakon waje da maganin gara da ruɓewa mai suna CCA, wanda ke ɗauke da gubar asenik. A Amurka da Kanada an daina yin irinsa don amfanin gidaje a ƙarshen 2003, Turai ma ta taƙaita shi a 2004. Duk dandamalin da aka yi da katako mai magani kafin wannan lokacin, ka ɗauka CCA ne har sai takardar da ke manne a bakin katakon ko gwaji sun nuna akasin haka. Irin wannan katako ba a goge shi da samfefa, ba a ƙona guntayensa, balle a gasa nama da su. Haka nan idan fenti ne na gaske a kan barandar gidan da aka gina kafin 1978, shekarar da Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, a gwada shi tukuna. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani a kan ƙurarta.

Ta uku, katakon ya cancanci wahalar? Ɗauki sukudireba ka caka a bakin kowane falanki, da inda ƙusa ta shiga, da gindin ginshiƙai, da wurin da dandamalin ya manne da bangon gida. In ƙarfen ya nutse ba gardama, ruɓewa ta ci wurin, kuma babu rinin da zai mayar da shi. Falanki biyu ko uku a canza su. In ƙashin da ke ɗauke da dandamalin ne ya ruɓe, maganar rini ta ƙare, kafinta za a kira.

Ma'aunin da za mu bi

Abu huɗu za mu duba a kowace hanya. Kuɗi, har da kayan da ba a faɗa maka da farko, irin su safar hannu da hayar inji. Ingancin sakamako, wato yadda katakon zai sha sabon rini da kuma daɗewar da rinin zai yi. Sauƙi, wato ƙarfin jiki da gwanintar da aikin ke nema. Sai haɗari, ga mutum, ga katakon, da ga shuke-shuken da ke kewaye. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauki dandamali matsakaici mai faɗin murabba'in ƙafa 300, kusan murabba'in mita 28. Farashin da zan ambata na kasuwar Amurka ne, kuma yana hawa da sauka daga gari zuwa gari.

Sinadarin soda

Yawancin magungunan cire rinin dek da ake sayarwa a manyan shagunan kayan gini na Amurka irin su Home Depot ko Lowe's, sodar nan ce da mata ke haɗa sabulu da ita, an tsinka ta da ruwa an ƙara mata abin da zai sa ta kama jikin katako. Yadda take aiki ma irin na sabulun ne: ta haɗu da man da ke cikin tsohon rini ta mayar da shi abin da ruwa ke iya wankewa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda take da ƙarfi da inda ba ta da shi. A kan rini na mai, sarauniya ce. A kan akirilik mai kauri, babu man da za ta ci, sai ta ɗan tausasa saman ta bar sauran.

Galan ɗaya yana kaiwa daga dala 20 zuwa 45, kuma yana rufe murabba'in ƙafa 100 zuwa 150, don haka dandamalinmu zai sha galan biyu zuwa uku. Wanda ake sayarwa gari ka dama da kanka ya fi araha. In garin ka saya, ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan a riƙa barbaɗa sodar, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana ɗaukar zafi ta fantsamo.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ka zaɓi ranar da babu rana mai zafi, ko ka fara da sassafe. Ka jiƙa ciyawa da furannin da ke gefe sosai, ka rufe su da leda. Ka shafa sinadarin a falanki kaɗan, ba dandamalin gaba ɗaya ba, ka bar shi minti 15 zuwa 30. Sirrin yana nan: kada ya bushe. Da zarar ya bushe ya daina aiki, don haka ana ɗan yayyafa masa ruwa ko a ƙara shafawa. Za ka ga rinin ya fara narkewa yana yin baƙin yauƙi. Ka gwada da buroshi mai tauri, in ya taso cikin sauƙi, sai ka goge bisa tsawon katakon ka wanke. A lokacin nan dandamalin ya fi komai santsi, ka taka a hankali.

Akwai mataki na biyu da mutane ke tsallakewa don ganin kamar dabarar mai shago ce ta ƙara ciniki. Ba haka ba ne. Soda tana baƙanta katako, musamman na itacen sidar da jan katakon Kalifoniya, saboda suna cike da tanin, sinadarin nan da majema ke samu a bagaruwa. Tana kuma barin kaifinta a jikin itacen, wanda zai iya ɓata sabon rini. Maganin shi ne ruwan haskaka katako, mai ɗauke da asid na okzalik, wanda ake shafawa tun katakon yana jiƙe. Cikin 'yan mintuna za ka ga baƙin yana washewa a gaban idonka, launin itacen na asali yana dawowa. Kuɗinsa kamar dala 15 zuwa 30 ne. Ka sa shi cikin lissafi tun farko.

Ta fuskar inganci, wannan hanya tana da abin da samfefa ba ta da shi: tana shiga tsagogi, da gefen falanki, da lungunan sandunan kariyar da ke kewaye da dandamalin, kuma tana barin ƙofofin katakon a buɗe ya sha sabon rini sosai. Aibinta shi ne takan bar ɗan gashi-gashi a saman katakon bayan ya bushe, wanda sai an bi shi da samfefa sama-sama.

Haɗarinta a fili yake. Soda tana ƙona fata, kuma ba ta yin zafi nan take, sai ta riga ta ci. A ido kuwa tana iya makantarwa. Tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta roba mai tsawo, takalmin roba da dogon wando, babu sassauci a nan. In ta faɗa ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 zuwa 20 sannan a tafi asibiti. Tana cin alminiyam, tana ɓata fentin bango da gilashi, don haka a rufe ƙofa da tagogin da ke kusa. Yara da dabbobi su zauna a ciki har a gama ɗauraya.

Sinadarin narkar da fenti

Inda soda ta kasa, wato a kan akirilik da fenti, nan ake komawa ga masu narkarwa. Suna zuwa da kauri kamar man shafawa, a lafta su da buroshi, a rufe da leda don kada su bushe, a bar su awanni, wani lokaci har kwana, sannan a kankare fatar da ta kumbura. Tsada gare su: galan kan kai dala 40 zuwa 80, kuma ba ya rufe wuri mai yawa saboda da kauri ake shafa shi. A kan dandamali gaba ɗaya kuɗin yana iya ninka na soda sau uku ko fiye. Inda na ga amfaninsu sosai shi ne sandunan kariya da matakala, wuraren da inji ba ya shiga.

Ka karanta jikin gwangwani. Tsofaffin irinsu suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, mai saurin aiki amma mai kisa idan an shaƙe shi a wurin da iska ba ta wadata ba. Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi fiye da shekara goma da suka wuce, hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta hana a 2019, ta kuma faɗaɗa hanin a 2024. A ƙasashen da ba a hana ba har yanzu yana kan kanta, haka nan a tsofaffin gwangwanayen da ke ajiye a garejin mutane. Na zamani sun fi sauƙin haɗari amma sun fi jinkiri, kuma sau da yawa sai an maimaita.

Injin ruwa mai ƙarfi

Wannan shi ne injin da masu wankin mota ke amfani da shi, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane, don sakamakonsa nan take ake gani. Hayarsa ta yini ɗaya tana tsakanin dala 40 zuwa 100, ƙaramin mai amfani da lantarki kuma ana samunsa na saye daga dala 100 zuwa 250. In ka duba kuɗi da sauri kawai, babu mai ja da shi.

Matsalar ita ce ruwa ba ya narkar da rini. Idan ka ga launi yana fita da ruwa zalla, to saman katakon ne ke yagewa yana tafiya da shi. Kowane falanki yana da layuka masu laushi da masu tauri, bisa yadda bishiyar ta girma a farkon shekara da ƙarshenta. Ruwa mai ƙarfi yana ƙwaƙule masu laushin ya bar masu taurin a tsaye, sai katakon ya koma kwazazzabo-kwazazzabo, da sartse masu shiga ƙafa. Inda ka tsaya ko ka juya hannu kuma, sai alama ta fito, kuma sabon rini ƙara bayyana ta yake yi, ba ɓoyewa ba. Wanda ya yi wannan ɓarna ba shi da mafita sai samfefar da ya guda tun farko.

Injin mai amfani da fetur yana iya kai ƙarfin psi 3000, psi kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin matsin ruwan. Katako mai laushi irin sidar da fayin bai fi bukatar 500 zuwa 600 ba, mai tauri ma kada a wuce 1200 zuwa 1500. Bakunan injin launi-launi ne: ja yana tattara ruwan wuri ɗaya kamar tsinke, wannan kada ya kusanci katako ko kaɗan. Kore mai buɗewar digiri 25 ko fari mai digiri 40 su ne na wannan aiki. A riƙe bakin kamar taƙi ɗaya da rabi daga katakon, a bi tsawon falanki, a fara motsa hannu kafin a danna, kada a tsaya a tsakiya.

A ganina injin ruwa abokin aikin soda ne, ba madadinta ba. Soda ta narkar, shi kuma ya ɗauraye da ƙaramin ƙarfi. A haka yana rage wahalar buroshi ƙwarai. Shi kaɗai kuwa, iyakarsa wanke datti da gansakuka da rinin da ya riga ya saki da kansa. Kuma ka kiyayi ƙafarka da hannunka: ruwan yana huda fata ya tura datti ciki, raunin da a waje ƙarami ne amma sai an je asibiti.

Samfefa

Ita ce ba ta zaɓen rini. Na mai, na akirilik, hawa ɗaya, hawa huɗu, duk ɗaya ne a wurinta, tunda saman katakon take cirewa. Ita ce kuma kaɗai ke gyara sartse da kwazazzabon da shekaru ko injin ruwa suka bari. Babu hanyar da ke ba da dandamali mai kyan gani da daɗin takawa kamarta.

Amma tana karɓar haƙƙinta a jiki. Da ƙaramin injin hannu, murabba'in ƙafa 300 aikin kwanaki ne a durƙushe. Shi ya sa ake ɗauko hayar babban injin goge daɓe wanda ake turawa a tsaye, kusan dala 60 zuwa 90 a yini, ban da takardun samfefar, waɗanda akirilik ke toshewa da sauri har ka yi mamakin yawan da ka canza. Injin iri biyu ne. Mai girgiza ya fi lafiya ga wanda bai saba ba. Mai ganga ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma in ka tsaya daƙiƙa ɗaya zai haƙa rami. Falankin dek ma ba safai yake kwance daidai ba, yakan lanƙwashe ya yi kwari a tsakiya, sai babban injin ya ci gefe ya bar tsakiyar, dole ka dawo da na hannu.

Kafin ka kunna inji, bi kowace ƙusa da kowane sukuru ka nutsar da kansa ƙasa da saman katakon. In ba haka ba zai yaga takardar, samfefar kuma ta cinye rufin da ke hana shi tsatsa, bayan damina ɗaya ka ga baƙin ɗigo a kowane wuri. Wannan aikin kaɗai yana iya cin rabin yini.

Lambar samfefa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A fara da mai kaushi, lamba 40 ko 60, don cire rinin, a ƙare da 80. Sandar da ake dafawa da hannu za a iya kai ta 100. Kada son santsi ya ja ka zuwa 150 ko 220 irin na teburin falo. Katakon da ya yi sulɓi da yawa ba ya shan rini, sai ya zauna a sama ya ɓare cikin shekara guda, wahalarka ta tashi a banza.

Akwai kuma faifai mai haƙoran lu'ulu'u, irin na Diamabrush, da ake ɗaura wa giranda irin ta masu walda. Shi ne maganin wani irin rufi mai kauri da yashi-yashi da aka yi yayinsa don toshe tsagogin tsohon dek, wanda soda ba ta ko taɓa shi. Yana ci kamar yunwa, yana kuma barin zane a katakon da sai an bi da samfefa. Sai mai tsayayyen hannu.

Babban haɗarin wannan hanya ƙura ce. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, ga kuma garin tsohon rini a haɗe. Takunkumin N95 shi ne mafi ƙaranci, P100 ya fi. A rufe tagogin gida, a toshe kunne. Katako dole ya bushe sarai kafin a fara. Sannan maganar da ta gabata: in CCA ne ko fenti mai dalma, samfefa ta fita daga lissafi.

Waɗanda ake yawan ambata amma ba su isa ba

Garin wanki mai fitar da iskar oksijin yana wanke datti da furfurar da rana ke sa wa katako, ba ya kuma cutar da shuka sosai, amma ba ya cire rini mai ƙarfi. Bilic na wanki ya fi shi muni: yana kashe gansakuka, yana farar da katako, amma yana raunana zaren itacen, yana sa ƙusa tsatsa, rinin kuma yana nan. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan haskaka katako, don bilic da asid suna fitar da iskar kulorin mai guba. Bindigar zafi tana aiki a kan fentin sanda ɗaya ko biyu, amma a kan busasshen dandamali da ganyaye maƙale a tsagoginsa, gobara kake nema.

Akwai hanyar da ba ta cire komai: kwance falankin a juya su, bayan ya koma sama. In da sukuru aka ɗaure su kuma ƙasan yana da lafiya, kuɗin sababbin sukurori kawai za ka kashe. In ƙusa ce, da yawa za su tsage wajen cirewa.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Rinin da take cirewa | Sakamako | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Soda da ruwan haskakawa | Matsakaici | Na mai, da akirilik mara kauri | Mai kyau, katako na shan rini | Matsakaiciya | Ƙuna a fata da ido, shuke-shuke |
| Mai narkar da fenti | Mai yawa | Akirilik da fenti | Mai kyau, amma sai an maimaita | Jinkiri da kankara | Shaƙar tururi |
| Injin ruwa shi kaɗai | Kaɗan | Wanda ya riga ya saki | Mara tabbas | Kaɗan | Yage katako, huda fata |
| Samfefa | Matsakaici zuwa mai yawa | Kowane iri | Mafi kyau a shimfiɗaɗɗen wuri | Mai yawa | Ƙura, haƙa rami |
| Giranda mai faifai | Matsakaici | Rufi mai kauri ƙwarai | Sai an bi da samfefa | Mai yawa ƙwarai | Rauni, zane a katako |
| Juya falanki | Kaɗan | Ba ta cirewa | Ya danganta da lafiyar ƙasan | Mai yawa | Tsagewar falanki |

Duk hanyar da aka bi, abin da ke biyo baya ɗaya ne. A bar katakon ya bushe aƙalla awa 48 ba ruwan sama, ko har na'urar auna danshi ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. A yayyafa ruwa kaɗan: in ya nutse, katakon ya shirya, in ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, akwai sauran tsohon rini a wurin. Kada kuma a bar shi tsirara wata da watanni, rana za ta sake mayar da shi toka-toka. Tsummokin da aka goge rini na mai da su kuwa, in aka dunƙule su a kwandon shara suna iya kama wuta da kansu. A shanya su ɗaya-ɗaya a waje, ko a nutsar da su a gwangwani mai ruwa.

Wa ya dace da wacce

In rininka na mai ne, ya koɗe kawai bai ɓare ba, kuma irin launin za ka mayar ko wanda ya fi shi duhu, mai yiwuwa ba ka bukatar cire komai. Wanka da garin oksijin da buroshi, bushewa, sabon shafi. Ajiye kuɗinka.

In na mai ne amma ya yi dabbare-dabbare, ko kana son launi mai haske, ko za ka koma wani iri dabam, soda da ruwan haskakawa ne naka, da injin ruwa a ƙaramin ƙarfi don ɗauraya. Asabar ka cire, ka bar shi ya bushe cikin mako, Asabar mai zuwa ka shafa. Yawancin masu wannan tambaya a nan suke.

In akirilik ne mai ɓarewa, ka yanke shawara tun yanzu kan abin da za ka mayar. In irinsa za ka sake shafawa, ba sai ka kai ga farin katako ba: kankare duk wanda ya saki, goge bakin wuraren da samfefa su daidaita, wanke, shafa. In kuwa so kake ka rabu da ɓarewa har abada ka koma rini mai shiga jiki, dole komai ya fita, don rini na mai ba ya ratsa ragowar akirilik. Nan samfefa ce a ƙasa, mai narkarwa a sanduna. Wasu kan bar sandunan da akirilik ɗinsu su gyara daɓen kawai, tunda rini ya fi daɗewa a katakon da ke tsaye, ruwa ba ya kwanciya a kansa. Launi biyu ne sakamakon, kuma ba ya muni.

In katakonka mai tauri ne irin ife na Barazil, ko tik, ko lokon da ake kaiwa Turai daga Afirka ta Yamma, yawanci mai kawai aka shafa masa. Wanka, ruwan haskakawa da samfefa sama-sama sun isa, soda mai ƙarfi baƙanta shi kawai za ta yi. Ƙurar loko tana sa wasu tari da ƙaiƙayi, takunkumi dole ne.

In an gina dandamalin kafin 2004 da katako mai magani, hanyarka ita ce mafi taushi: sabulu, ruwa da buroshi mai laushi, ba samfefa, ba injin ruwa mai ƙarfi, sannan rini mai shiga jiki da za a riƙa sabuntawa a kai a kai, wanda EPA ta ce yana iya rage fitar gubar zuwa saman katakon. In akwai ƙananan yara masu rarrafe a kai, canza falankin sama da sandar dafawa ya fi duk wani rini.

In haya kake zaune, tambayi mai gida a rubuce kafin ka taɓa komai, wasu unguwannin ma ƙungiyar masu gidaje ce ke amincewa da launi. In kuma bayanka ko gwiwarka ba za su ɗauka ba, ko dandamalin yana hawa na biyu, kira masu sana'ar. Bisa murabba'in ƙafa suke yin kuɗi. Kafin ku daidaita ka tambaye su wane sinadari za su sa, da wane ƙarfi za su saita injin ruwa, da kuma ko ruwan haskakawa da samfefa suna cikin kuɗin. Wanda ya ce da ruwa zalla zai cire maka akirilik, nemi wani.